Shirun Mai Shanya a Taron Litinin

Ranar da Alhaji mai kamfani ya miƙo min makullin ofis ya ce daga yau ni ce manaja, na tarar da kujera mai juyawa wadda ƙafarta ɗaya ta karkace, da fankar da ba ta tashi sai an tunkuɗa ta da sanda, da kuma taron Litinin. Kujerar da fankar cikin mako guda na sa aka gyara su. Taron kuwa ya kusa sa ni furfura.

Kamfanin casar shinkafa ne a kan hanyar Kwadon, ba wani babba ba. Mukan sayi shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, a hannun manoma, a jiƙa, a turara, a shanya a fili, inji ya cashe, a ɗura a buhu a kai wa 'yan kasuwar Gombe. Shekara shida na yi a sashen sayarwa kafin a ɗaga ni, don haka na san taron nan ciki da bai, na kuma tsane shi tun ina zama a kujerar baya ina tauna murfin biro.

Ƙarfe tara ake cewa, amma taran ta fatar baki ce, sai wajen goma ake cika. Daga nan a shiga gaisuwa, kowa sai ya ji lafiyar iyalin kowa, har da yaron da ya yi ƙyanda bara ya warke tuntuni. Musulmi ya buɗe da addu'a, in an gama Kirista ya rufe, kamar yadda aka saba a yawancin ma'aikatun garin nan, wannan kam ban taɓa jin haushinsa ba. Abin da ke tsakanin addu'o'in biyu shi ne damuwata. A ɗauko zancen buhunan da suka yage, a ɓulle a tsadar taki, daga taki a faɗa siyasa, a ci ƙosai a sha lemo, sai kiran sallar Azahar ya raba mu. In ka fito ka tambayi mutum me aka yanke, sai ya ce ai an tattauna sosai.

Ni kuwa 'yar unguwar Shamaki ce a cikin Gombe. Mahaifina Bakano ne mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, a shagonsa na koyi cewa duk maganar da ta wuce ta ciniki ɓata lokaci ce. Zuciyata a kusa take, bakina kuma ya fi zuciyar sauri. Mahaifiyata takan ce ko tuwo nake tuƙawa sai na yi masa faɗa.

Ana cikin haka Alhaji ya tura ni bitar kwana uku a wani otal a cikin gari. Wani mutum mai kwat da majigi ya koya mana yadda ake tafiyar da taro, ni kuma na rubuta komai kamar mai karatun jarrabawa. Kada taro ya wuce minti arba'in. A rubuta abin da za a tattauna tun kafin a zauna. Kowa ya yi magana. Kowace magana ta ƙare da sunan wanda zai yi aikin da ranar da zai gama. Ya ma ce in ana so taro ya yi sauri, a yi shi a tsaye. Na dawo da littafina a hammata ina jin na fi kowa wayo a kan hanyar Kwadon.

Litinin ta farko na sa aka kwashe kujerun ɗakin taro kaf. Mutum tara muke, shugabannin sassa da ni. Muka tsaya cirko-cirko na ɗan lokaci, sai direban babbar motarmu ya fita ya jawo buhun shinkafa ya ajiye wa Baba, don ba zai yiwu a bar dattijo a tsaye ba. Baba shi ne shugaban ɗakin inji, Batere ne daga wajen Kwadon, yana kamfanin tun kafin a yi masa katanga, har Alhaji ma Baba yake ce masa. To da Baba ya zauna a kan buhu, wa zai tsaya masa a ka? Ɗaya bayan ɗaya aka shimfiɗa buhunan banza aka zube a ƙasa. Faɗuwa ta zo daidai da zama, direba har da miƙe ƙafa yana jingina da bango. Ni kaɗai aka bari a tsaye da littafi kamar malamar aji ɗaya. Taron ranar ya fi na kullum tsawo. Da Litinin ta zagayo na sa aka mayar da kujerun, ban ce wa kowa komai ba, su ma suka yi min kara.

Wasu abubuwan dai sun yi aiki, kada in yi wa kaina rashin adalci. Gaisuwa na gane ba za a iya kashe ta ba, ni ma ba na so a kashe ta, sai na fitar da ita waje. Tara saura kwata a haɗu a ƙarƙashin dogonyaron bakin ofis, a sha shayi, a gaisa har a gaji, tara na bugawa a shiga. Ƙosai kuma na mayar da shi ƙarshe. Nakan sa a ajiye kwanon a rufe a kan taga inda kowa zai riƙa jin ƙamshinsa, ba a buɗewa sai an shafa addu'ar tashi. Ban taɓa ganin abin da ya rage wa mutane surutu irin wannan ba. Na kuma kafa allo a bango, duk wanda ya ce zai yi abu sai in rubuta sunansa da rana. Ba wanda ke son sunansa ya kwana biyu a allon nan, musamman da yake leburori kan leƙo su karanta. Cikin wata biyu taronmu ya dawo minti hamsin, ina tafiya ina jin kaina.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, wato a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Da na karanta batu, kafin in rufe baki Baba ya karɓe. Ya yi ta bayani, ya yi ta yi, in ya sauka sai in bi su ɗaya-ɗaya. Wannan ya ce ya goyi bayan Baba, wancan ya ce ai Baba ya gama magana. Matashin da ya gaje ni a sashen sayarwa, mai ƙananan kaya da agogon hannu, shi cewa yake, "Madam, gaskiya ni ma ful sapot." Na gwada farawa daga ƙanana, suka ce a bari su ji ta bakin manya tukuna. Baban kansa ya riƙa ba ni haushi. In aka yi sa'a wani ya kawo wata magana, sai Baba ya ɗauko wata daban kamar ba a ce komai ba. Na ƙudurta a raina girman kai ne, da kuma raina mace a kujerar manaja. Ban faɗa ba, amma na san fuskata ta faɗa.

Wanda ya fi kowa cin raina shi ne mai kula da shanya. Bafulatani ne dogo siriri, shekarunsa za su kai talatin da biyar, mai mata da 'ya'ya uku. A filin shanya ba a jin muryar kowa sai tasa, yana tsokanar leburori, yana gardamar ƙwallo, dariyarsa har ofishina take zuwa. Amma da ya shigo ɗakin taro sai ka ce an canza shi. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a kujerar bakin ƙofa a bayan kowa, ya kafa wa siminti ido har a tashi. Ko ƙosai ba ya ci. A littafina, gaban sunansa, na rubuta cewa ba ya ba da gudummawa, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan kaka sai shinkafarmu ta fara fitowa a kakkarye. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya abin ya yi muni. 'Yan kasuwa suka fara dawo da buhuna. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kayanmu ta zo har ofis, ta zuba min tafi guda a kan tebur, ta ce in gaya mata ko shinkafa muke sayarwa ko tsakin kaji. Da yamma Alhaji ya bugo waya. Ya ce kafin ƙarshen wata in gano daga hannun wa matsalar take, in sallame shi. Alhaji ba mai maimaita magana ba ne, kuma kwana goma suka rage wa watan.

Litinin ɗin nan batu ɗaya tak na rubuta a allo. Kamar kullum Baba ya karɓe. Ya ce injinsa lafiya lau yake, shi da inji sun fi shekara ashirin tare, da akwai abin da ke damunsa da ya gaya masa. Wannan ba cika baki ba ne, kowa ya san Baba da kunne. A da, daga bakin get yakan tsaya ya saurara ya ce bel ɗin inji ya saki, a je a duba a tarar haka ne. Ya ce shinkafa in ta sha rana fiye da kima a wurin shanya, cikinta tsattsagewa yake yi, ko wane irin inji ta shiga sai ta karye. Magana ce mai ma'ana, ni ma na san haka ne. Aka bi layi ana goyon bayan Baba. Na juya bakin ƙofa.

"Malam, kai ke da shanya. Me ka ce?"

Bai ɗago ba. "Abin da Baba ya faɗa, Hajiya."

"Ban tambaye ka abin da Baba ya faɗa ba, da kunnena na ji shi. Kai nake tambaya. Shinkafar nan tana wuce kima a rana ko ba ta wucewa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi," na ce. "In akwai magana a bakinka, yau ce ranarta."

"Za a gyara, in sha Allahu."

Nan zuciyar nan tawa ta taso. Na ce da buhun dusa na ajiye a kujerar nan da ya fi shi amfani, don shi ko ba komai a jingina da shi. Na ce wasu abubuwan ma da ba zan maimaita a nan ba. Bai motsa ba. Mai kula da sito ce ta rufe taron da addu'a ranar, wata dattijuwa Batangaliya da kowa ke kira Mama, wadda ba ta tsoron uban kowa. Ta roƙi Ubangiji ya ba shugabanni haƙuri da sanyin baki, ta maimaita har sau biyu. Na ce amin, na kuma san da wa take.

Da aka watse na kira mai shanya ofis, mu biyu, na gaya masa umarnin Alhaji ba ɓoye-ɓoye. Na ce tun da ya amsa laifi a gaban kowa, aikinsa ne ke cikin haɗari. Na zaci zai yi rantsuwa ko ya yi roƙo. Sai ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya nemi izinin tafiya don ya bar shinkafa a rana. Na buga takardar sallama da hannuna, na jefa a aljihun tebur ban sa hannu ba. Raina bai kwanta ba, amma haushi ya fi yawa.

Ranar Laraba Mama ta shigo ofis ba sallama, da gyaɗa a ƙullin leda. Ta zauna ta fara ɓarewa kamar a tsakar gidanta.

"Madam, atamfan nan mai ruwan ganye da muka yi anko da shi shekarun baya, wanda ke kika ɗauko mana a shagon babanki, bikin wa ne?"

Na ce bikin 'yar Baba ne, babbar. Ai har Kwadon muka je a motar kamfani, ni na riƙe kular shinkafa a cinya.

"Yauwa. Wa ne ne angon?"

Na buɗe baki, na kasa rufewa. Mai shanya ne angon.

"To kina so ya tashi a gaban surukinsa ya ce masa ba haka ba ne? Mutumin da ko ruwa ba ya sha in Baba na wurin? Haba Madam. Ni da ba Bahaushiya ba, ni zan koya miki kunyar suruki? Balle shi Bafulatani, ga fulako, kunyar nan tasu, a kai." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta ta miƙe. "Ki ci gyaɗan, na Billiri ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba rashin sani ba ne, wannan shi ya fi ba ni kunya. Na san auren, na ci shinkafar bikin. Mijina ma in ya ji muryar mahaifina a zaure, sai ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a bayan gida, kullum ina yi masa dariya a kan haka. Amma da na shiga ɗakin taro da littafin bita a hannu, sai na daina ganin suruki da surukinsa, na riƙa ganin shugaban inji da shugaban shanya. Wata da watanni ina matsa wa mutum ya yi abin da ni kaina da na ga mijina ya yi wa mahaifina, da sai na kwana ina kuka.

Washegari da hantsi na tafi filin shanya. Mai shanya yana jan shinkafa da manjagara, ya gan ni ya gaishe ni kamar ba ni na kira shi buhun dusa ba. Wannan karon ban yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba. Na ce ya nuna min yadda yake gane shinkafa ta bushe daidai, don ni a sayarwa na tashi. Nan take bakinsa ya buɗe. Ya ɗauki ƙwaya ya ciza ya sa ni ma na ciza, ya nuna min yadda yake tattara ta ya rufe idan rana ta take, ya sake bazawa in ta yi sanyi. Sannan ya ɗebi tafi guda ya murza a tsakanin katako biyu, ya hure ƙaiƙayin. Ƙwayoyin suka fito dogaye sumul, da ƙyar na ga karyayya biyu. Na kwance bakin gyalena inda na ƙullo wadda ta fito daga inji da safen ranar. Na riƙe wannan a dama, waccan a hagu.

"To inji ne ke nan," na ce.

"Ni dai ban ce ba, Hajiya."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya ɗauki manjagararsa. "Rana ta fara zafi, bari in tattara ta."

Daga nan na wuce ɗakin inji. An ɗauke wuta, ba a kuma tayar da janareta ba, wurin shiru. Baba na tsaye ya ba ƙofa baya yana goge sifana da tsumma. Na yi sallama, bai juyo ba. Na ƙara da ɗan ƙarfi. Ta uku har leburan da ke waje suka amsa min. Sai da inuwata ta faɗa kan teburinsa sannan ya zabura, ya juyo yana murmushi yana cewa yanzu na shigo? A tsaye a wurin na gane abin da ya sa yake riga kowa magana a taro, ya kuma daɗe yana yi. Wanda ya fara magana ba sai ya ji ta kowa ba. Na gane abin da ya sa ake kawo batu ya ɗauko wani. Abin da na yi ta kira girman kai, ashe tsoho ne yake kare mutuncinsa da ɗan abin da ya rage masa.

Na roƙe shi mu fita ƙarƙashin dogonyaro. Na ba shi benci, ni na zauna a kan bulo ina fuskantarsa, na yi magana a hankali yadda zai ga bakina.

"Baba, yaushe rabon da a buɗe a duba robar inji?"

"Ai in ta cinye zan ji, 'yata. Kukan injin canzawa yake."

"Baba, sau uku na yi maka sallama."

Ya daɗe yana kallon tsumman da ke hannunsa. Ya tashi, na bi shi, ya kwance murfin da kansa. Robar da ke ɓare ƙaiƙayi ta cinye ta gefe ɗaya har ƙarfe ya leƙo. Ya sa yatsa ya shafa wurin, ya ce innalillahi a hankali. Sai a lokacin na gaya masa umarnin Alhaji, da takardar da ke aljihun teburina, da sunan da ke kanta.

"Shi ya sani?"

"Tun ran Litinin."

"Jiya da la'asar ya zo gidana gaisuwa," in ji Baba. "Ya kawo min goro. Bai ce min komai ba."

Na ce abin mai sauƙi ne. A canza roba, in gaya wa Alhaji inji ne ya gaji ba laifin kowa ba, in yaga takarda, magana ta mutu a nan. Ya yarda da canza roba. Sauran kuwa ya girgiza kai. Ya ce a gaban mutane ya ɗora wa yaron nan kaya, a gaban mutane zai sauke masa. Na yi ta lallashi, na kawo wannan na kawo wancan. A nan kam ban sani ba ko bai ji ba ne ko ƙin ji ya yi.

Ran Asabar aka sa sabuwar roba, shinkafa ta fito kamar a tsinci ɗaya-ɗaya a ƙirga. Na kai wa Alhaji tafi guda har gida, na gaya masa gaskiya duka, don ba a yi masa rabin magana. Ya ce Baba ba inda za shi, a kai shi wurin likitan kunne, a kuma riƙa buɗe injin duk mako ana dubawa da ido. Na dawo na yaga takardar nan ƙanana-ƙanana.

Har yau da abin da na koya a makon nan nake aiki. Duk ranar Juma'a nakan ajiye littafi in zaga sassa, in tsaya da kowa a wurin aikinsa, inda bakinsa yake buɗewa. Abin da ba zai faɗu a gaban wani ba, a can nake jin sa, in kawo shi taro da bakina ba tare da sunan kowa ba. Kafin in ce wa mutum ya yi magana, nakan fara duba wa ke zaune a ɗakin, wa ya auri 'yar wa, wa ya yi karatu a zauren uban wa, wa ke limancin wa a coci ko a masallaci. Amma a lokacin darasin bai gama shiga ba, don na sake tafka wani kuskuren. Na gaya wa mai shanya aikinsa ya tsira, ban gaya masa abin da Baba ke shirin yi ba. A wautata, na ɗauka daɗi zai ji.

Litinin aka buɗe da addu'a. Kafin in karanta abin da ke allo Baba ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a taro. Ya ce makon jiya ya yi magana a nan, maganar ba daidai ba ce. Ya ce shanya ba ta da laifi, robar inji ce ta cinye, kuma da shekarun baya ne da tun ranar farko ya ji. Ya kama kunnensa na dama da yatsu biyu, ya ce wannan ya yi nauyi, ɗayan ma yana bin sa, ya daɗe da sani ya ɓoye. Ba wanda ya ce ya goyi baya. Matashin sayarwa ya sunkuyar da kai, Mama ta ja bakin ɗankwali tana goge ido.

Ni kaɗai nake fuskantar ƙofa, don haka ni kaɗai na ga abin da ya faru. Tun Baba na kai hannu kunnensa, mai shanya ya sunkuya ya ɗauki takalmansa a hannu, ya zare jiki ya fita ba ko motsi. Baba ya gama, ya juya wajen kujerar bakin ƙofa ya ce, "Ka yafe min, ɗana." Sai ya ga kujera ba kowa. Ya tsaya yana kallonta. Can ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗan halak ne," ya zauna. Taron bai kai minti ashirin ba. Aka buɗe kwanon ƙosai, ba wanda ya sa hannu.

Na sami mai shanya a ƙarshen fili, can wajen katanga, yana ɗura busasshiyar shinkafa a buhu shi kaɗai. Ba zan ɓoye ba, godiya na je karɓa. Na ce to ga shi an wanke shi a gaban kowa, sai ya saki ransa.

Bai daina ɗurawa ba. "Hajiya, da kin sa hannu a takardar nan da ya fi min sauƙi."

Na ce me yake nufi.

"Aiki ana samun wani. Shekara biyu ke nan ni da 'yarsa muna rufa masa wannan asirin. Har yaranmu mun koya musu in za su yi wa kakansu magana su tsaya a gabansa, kada ya gane an gane. Yau ya tsaya a gaban direba da kowa ya faɗa da bakinsa, saboda ni." Ya share fuska da hannun riga. "Ran Juma'a da wane ido zan je gaishe shi?"

Na sunkuya na riƙe masa bakin buhun har ya cika.